Saniya na tari, allura ta ƙi ci: amsar tambayoyin masu kiwo

Wani mai kiwo ya turo cewa saniyarsa ta fi wata uku tana tari tana ramewa, ya mata allurar LA (oxytetracycline, dangin tetracycline) ya mata ta Pen-Strep (haɗin penisilin da streptomycin), sai ta ɗan warware ta sake komawa, wai ko maganin jabu aka sayar masa?

Toh Malam, jabu kam akwai shi a kasuwa, amma kar ka yi saurin ɗora wa mai shago laifi. Tari da rama na iya zama ciwon huhu ko sammore ko tsutsa, sai dai tarin da ya ɗau watanni haka, musamman in kaluluwar wuya ta kumbura, ni tarin fuka nake fara zargi. Ƙwayar da ke kawo shi a shanu sunanta Mycobacterium bovis, 'yar uwar ta tibin mutane ce, kuma in ita ce ko asalin maganin ka saya asarar kuɗi kawai za kayi.

Ga dalili. Maganin da ke cikin LA sai ya shiga can cikin ƙwayar cutar ya taru da yawa kafin ya yi aiki, ita kuwa wannan ƙwaya jikinta lulluɓe yake da wani irin kitse mai kauri, ɗan kaɗan ne ke ratsawa. Wanda ya samu ya ratsa ɗin ma ba a barinsa ya zauna, don tana da wasu ƙananan famfuna a jikinta masu tunkuɗo magani waje, akwai wanda masana ke kira Tap, dangin tetracycline na cikin abin da yake fitarwa. Kamar ɗakin da ke yoyo ne da damina amma da mai kwarfe ruwan, ɗigo na sauka ana kwarfewa, yaushe zai cika? Penisilin da ke cikin Pen-Strep kuma, ƙwayar tana da sinadarin da ke kakkarya shi. Ga ta da nawa, kusan awa 20 take yi kafin ta rabu biyu alhali wasu ƙwayoyin cutar minti 20 ya ishe su, saboda haka allurar kwana uku ko a jikinta. Sannan a ɓoye take cikin ƙulle-ƙullen nan da mahauta ke gani a huhu, masu rawaya-rawaya, in an yanka wuƙa na yin ƙaras-ƙaras. Sauƙin da ka gani kuwa, galibi wasu ƙwayoyin da suka raɓu da ciwon ne allurar ta kashe.

Wani mai turka yace an ba shi shawara ya samo maganin tibi na mutane ya riƙa zubawa a dusa.

Don Allah Alhaji kar ka soma. Mutum ma da magani kala huɗu ake fara masa, ya sha kullum ba fashi har wata 6. Ɗaya cikin huɗun, pyrazinamide, dama can baya cin ƙwayar shanu, yana shiga cikinta amma bata juya shi ya zama gubar da zai kashe ta, shi yasa wanda ya ɗauka daga shanu akan kai masa magani wata 9. In ka bada magani guntu-guntu, famfunan nan na riƙe ƙwayar da rai har a samu wadda ta sauya halitta ta daina jin maganin gaba ɗaya, ita ce za ta yaɗu. An ga haka tun shekarun 1940 da aka gwada streptomycin shi kaɗai a kan masu tibi, cikin 'yan watanni ya daina ci wa da yawa. Ko bedaquiline, maganin tibin da Amurka ta amince da shi a 2012, an samu ƙwayoyin da suka ƙara yawan famfon MmpL5 suna fitar da shi, su haɗa da wani maganin mai suna clofazimine. Irin wannan ƙwaya ce kake so ka raina a turke, bayan ɗakin 'ya'yanka?

Abin yi shine ka ware dabbar, kwanon shan ruwanta daban, ka kira likitan dabbobi ya mata gwajin fata, allura ce ƙarama a wuya, bayan awa 72 ya dawo ya auna kumburin. In ta tabbata, haƙuri za kayi a fitar da ita daga garke, a kai kwata inda ma'aikata ke duba nama, banda yankan bayan gida, a kuma gwada sauran.

Wata mai sayar da fura da nono ta tambaya ko tsamin nono na kashe cutar.

Hajiya, tsami ba abin dogaro bane, kitsen nan na jikinta na kare ta. Ki tafasa madarar tukuna, ta huce, sannan ki sa iri ki kwantar, kindirmonki zai yi lafiya lau. Yaran da ke shan ɗanyar madara kuma ki riƙa shafa wuyansu, don a yara ta fi fitowa da kumburin kaluluwa ko ciwon ciki. In kin ga haka, ko tarin da ya wuce sati biyu, ku je asibitin gwamnati ku faɗa musu kuna da shanu, a Najeriya maganin tibi kyauta ne.