Kada ka goge na Google tukuna, ɗan'uwa

Ɗan'uwa, tambayarka ta fama min tsohon miki. Ka ce ka ɗora Immich, manhajar ajiye hotuna irin Google Photos da mutum ke gudanarwa da kansa, a kan tsohuwar kwamfutar da ka mayar saba, ka haɗa faifai biyu da RAID 1, wato kowanne na ɗauke da kwafin ɗayan, hotunan gida duk sun gama hawa, yanzu kana tambaya ko ka goge na Google Photos tunda wurin ya cika, da kuma ƙofar (port) da za ka buɗe a rauta don iyali su riƙa gani daga waje. Na ga wasu har sun fara ba ka amsar ƙofa. Ni dai ka ajiye maganar ƙofa tukuna. Kada ka goge komai, don Allah kada ka goge. Maganar da ka rufe da ita, wai ai faifai biyu ne, in ɗaya ya mutu ɗaya na nan, wallahi ita na faɗa wa maiɗakina a ƙarshen 2022, ina faɗa ina murmushi.

Nawa Nextcloud ne, wata manhajar ajiye fayiloli, ba Immich ba, amma ramin ɗaya ne. Tun da Google ya daina ajiye hotuna kyauta ba iyaka a watan Yunin 2021 nake lallaɓa 15GB ɗin nan, in goge wannan in bar wancan, har na gaji. Na kwafo fayil ɗin compose, wanda ke gaya wa Docker yadda zai tayar da manhaja a cikin kwantenarta, daga intanet kamar yadda dukanmu muke yi, ko karanta shi da kyau ban yi ba. Na ɗora siga ta 25, na haɗa faifai biyu da mdadm, na sa rsync, manhajar kwafe fayiloli, a cron mai tayar da aiki a kan lokaci, yana kwafe komai zuwa wani faifan USB da ƙarfe biyun dare. Sai na ji ni ma wani ne. Na kwaso hotunan shekara tara, nawa da na maiɗakina da waɗanda ƙanwata ta ciro daga wayar Baba bayan rasuwarsa, na zuba, sannan na share na Google. A lokacin kwandon shararsu kwana 60 yake riƙe abu kafin ya zubar. Kwanakin suka wuce ko waiwaye ban yi ba.

Sama da shekara ban taɓa sabar ba, tana aikinta a lungu. Farkon 2024 na ce bari in sabunta. A compose ɗin latest aka rubuta, wato siga mafi sabunta, don haka da na yi pull don sauko da ita sai ya jawo min siga ta 28. Kun dai san Nextcloud ba ya tsallake babbar siga, sai bi da bi, 25 zuwa 26, 26 zuwa 27. Kwantenar ta ƙi tsayawa, ta tashi ta faɗi, ta tashi ta faɗi. Abin da ke ci min rai har yau, log ɗin ya faɗi matsalar ƙarara, cewa siga ɗaya ake haurawa a lokaci guda. Gyaran minti biyar ne, in goge latest in rubuta 26. A lokacin ko hoto ɗaya bai ɓata ba. Amma ban karanta ba. Na ɗauki hoton allo na tura wa wani da muke ganin ya fi mu sani.

Ba zan kama sunansa ba, ba ya cikinmu nan. Ko minti biyu ba a yi ba ya amso: “Yi docker compose down -v, sai ka sake up, zai tashi fes.” Bai tambaye ni inda hotunan suke ba. Bai ce in turo compose ɗin ya gani ba. Ni kuwa na tambaya, kuma har gobe saƙon yana wayata, na ce hotunan fa? Ya ce kar in damu, Docker ne, ba ya taɓa fayilolina. Wataƙila a tasa sabar haka ne, in dai fayilolinsa suna wata folda ta zahiri da ya ɗaura wa kwantenar. Nawa kuwa suna cikin ma'ajin da Docker ke ƙirƙira da suna, kuma wannan -v ɗin, harafi ɗaya tal, aikinsa ke nan: ya share waɗannan ma'ajin.

Na danna. Umarnin ya daɗe bai dawo ba. Ina zaune ina kallon fitilun faifan nan biyu suna ƙyaftawa tare, kamar masu tafi, har ina cewa a raina lallai RAID na aiki. Eh, yana aiki kam. Duk abin da aka goge a na farko, nan take ake goge shi a na biyu, don shi madubi ne, abin da ya gani shi yake nunawa. Da na yi up na buɗe burauza, sai ga shafin nan na ranar farko, wanda ke cewa in ƙirƙiri asusun admin. Jikina ya yi sanyi tun daga wuya har tafin ƙafa.

Kuma ba nan ne mafi muni ba.

Wajen sha biyun dare ne. Na sake yi masa magana, ya ce ai kana da bakof, me ye na tayar da hankali. Na leƙa faifan USB, komai na nan, folda bayan folda. Na yi hamdala. Na ce kaina ya yi zafi, kada in ƙara ɓarna, bari in kwanta da safe in mayar a natse. Ban zare wayar USB ɗin ba. Ban tsayar da cron ba. Ƙarfe biyu ya yi, rsync ya tashi kamar kullum da --delete ɗin da ni da hannuna na sa masa don kada faifan ya cika. Ya duba saba ya ga sabon ma'aji kusan wayam, ya duba faifan USB ya ga tulin fayilolin da babu su a saba, sai ya gyara kamar yadda aka umarce shi. Ina barci a ɗaki na gaba. Da safe na buga du -sh, umarnin da ke nuna girman folda, a foldar da jiya take da ɗaruruwan GB, ta nuna min 'yan MB. Na sake bugawa sau uku, kamar lambar za ta ji tausayina ta canza.

Maiɗakina ta shigo ta ce wayarta tana cewa ta kasa shiga, ko na canza kalmar sirri ne. Na kasa ɗaga kai. Da na gaya mata ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Cewa kawai ta yi, har da na ranar da yarinyar ta fara tafiya? Shi kuwa gogan, da na rubuta masa abin da ya faru, amsarsa ita ce ai ya kamata mutum ya san abin da yake bugawa kafin ya danna, ya ƙara da fuskar dariya. Gaskiya ya faɗa, ni na danna, ban musa ba. Amma na tambaye ka fa, malam. Na ce hotunan fa, ka ce kar in damu. Ko “yi haƙuri” ban samu ba. Bayan sati biyu na gan shi yana ba wani sabon shiga irin wannan amsa ta minti biyu, cike da tabbaci, ko gezau. Mai jahilci da ya ce ban sani ba ya fi min irin waɗannan sau dubu. Har yau in na ga an amsa wa mutum da umarni tsirara ba a tambayi yadda ya tsara abinsa ba, sai in ji zuciyata na tafasa.

Na kashe sabar, na ciro faifai, na sa PhotoRec, manhajar tono fayilolin da aka goge. Kwana huɗu yana tono. Ya dawo da abubuwa da yawa, Alhamdu lillahi, amma ba suna ba folda, sai f da dogayen lambobi, haɗe da dubban ƙananan hotunan samfoti da Nextcloud ke ƙirƙira, duk a cakuɗe. Da exiftool na jera su bisa ranar ɗauka, waɗanda suka zo ta WhatsApp kuwa babu ranar a jikinsu, har yanzu suna wata folda da na sa wa suna “ban sani ba”. Bidiyo ne suka fi shan wahala, don manyan fayiloli a warwatse suke zama a faifai, ga shi sabuwar kwantenar da na tayar ta riga ta yi rubutu a kan wasu wuraren. Akwai na Baba, Allah ya jiƙansa, yana ba jikokinsa labari, wajen minti uku. Yanzu daƙiƙa 11 yake yi ya tsaya cak, bakinsa a buɗe a tsakiyar kalma. Ban goge shi ba. Af, in irin haka ta taɓa samun wani, abu na farko ka kashe injin, kada ka sake rubuta komai a faifan, ni na makara da sanin wannan.

To kai naka Immich ne, kuma in da compose ɗinsu na yanzu ka yi amfani, hotunan suna foldar da ka nuna a UPLOAD_LOCATION cikin .env, don haka -v ba zai cinye su yadda ya cinye nawa ba. Kada wannan ya kwantar maka da hankali. Hanyar asara ba ɗaya ba ce. Kuskuren rm ɗaya, ko wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona faifan biyu tunda a akwati ɗaya suke, ko a ɗauke kwamfutar gaba ɗaya. In ma tare ka sayi faifan, to tare suke tsufa. Ka riƙa duba lafiyarsu da smartctl, musamman lamba 5 da 197 masu ƙirga wuraren da ke lalacewa a faifai, in suka fara hawa ka fara shirin canji. Sannan Immich ba hotuna kaɗai ba ne, albam da fuskokin da ya gane da wanda ya mallaki me duk suna rumbun bayanai na PostgreSQL. Kada ka kwafe foldar rumbun yana cikin aiki ka ce ka yi ajiya, a fitar da shi ake yi da pg_dump, a haɗa da hotunan.

Ni yanzu restic nake amfani da shi wajen yin ajiya, wasu sun fi son Borg, duk ɗaya ne a wajena in dai yana riƙe tarihi. Abin da na goge yau yana nan a kwafin jiya da na makon jiya da na watan jiya. Kwafi uku, a na'ura iri biyu, ɗaya ba a gidan ba, kun sha ji. Ni na sha ji kafin abin ya same ni, ina ganin na masu kamfani ne. Faifai ɗaya yana gidan ƙanena, wani kuma yana cikin durowa, ba ya haɗe da komai sai ranar da na jona shi da hannuna. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Kalmar sirrin restic ɗin kuwa ka rubuta ta a takarda, don in ta ɓata ba mai buɗe maka. Kada ka yi irin wautar da na kusa yi, na adana ta a Vaultwarden, manhajar ajiye kalmomin sirri, da ke kan sabar da nake wa ajiyar.

Wannan ma ya tuna min wani abu da ba ka tambaya ba. In yau ka kwanta asibiti, ko ta Allah ta kasance, wa zai iya ciro hotunan nan? Maiɗakina ce ta yi min wannan tambayar, na rasa amsa. Mu muna jin daɗin wasa da kwantena, su kuwa hotunansu kawai suke so. Shi ya sa faifan durowa ɗin nan ban rufe shi da komai ba, foldoji ne kawai na shekara da wata, kowa ya jona a kwamfuta zai gani. Kuma na rage tarkace. Da ina da abubuwa sun fi ashirin a sabar, yanzu Jellyfin na kallon fina-finai da Pi-hole mai toshe talla ga duk gidan da na hotuna, sai ɗaya ko biyu. Pi-hole ɗin ma sai da ya jawo min faɗa ranar da sabar ta mutu gidan duka ya rasa intanet ina wajen aiki.

Maganar ƙofa kuwa, kada ka buɗe ko ɗaya. Ka sa Tailscale ko WireGuard a wayoyin iyali, su ne za su haɗa su da sabar ta keɓaɓɓiyar hanya, shi ke nan. Na taɓa barin ƙofa ta 22, wadda ake shiga sabar ta ita daga nesa, a buɗe, da na leƙa auth.log sai na ga baƙi daga ko'ina suna gwada root da admin dare da rana. Ka ma fara duba adireshin da rautarka ta samu daga kamfanin intanet, in ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127 to kana bayan CGNAT, wato kamfanin ya haɗa ku da yawa a adireshi ɗaya, ko ka buɗe ƙofar ba mai iso gare ka. Kuma ka cire latest ko release daga compose, ka rubuta lambar siga, ka karanta bayanin sabuntawa kafin ka yi pull.

Na manta, ta Google Takeout ka sauko da hotunan? Yana ware wasu bayanan a fayilolin JSON daban, in ka zuba hotunan kai tsaye za ka tarar da wasu sun ɗauki ranar da ka sauko da su. Akwai immich-go da ke haɗa su. Ka duba tsofaffin shekaru da idonka ka ga ko sun zauna daidai, wannan ma dalili ne na barin na Google a inda suke.

Ka yi ajiyar, sannan ka samo wata kwamfuta ko faifai wayam, ka yi kamar sabar ta ƙone, ka mayar da komai daga kwafin kaɗai, ka buɗe albam, ka kunna bidiyo biyu uku har ƙarshe. Ni da na fara gwadawa sai na tarar .env ɗin ma ba ya cikin abin da nake kwafewa. In ya tashi lafiya, ka ƙara wata guda, sannan ka dawo mu yi maganar gogewa. Kafin nan ka turo compose ɗinka da layin cron ɗin, ka cire kalmomin sirri, in duba maka. Yau da dare ina gida.