Me ya sa kwamfutocin ɗaya ginin ba sa ganin firinta?

Ka ce tun da kuka raba netwok ɗin ofis gida biyu, kwamfutocin ɗaya ginin sun daina ganin firinta da kansu. Malam, lafiyar firintarka ƙalau.

Na'urorin nan suna neman juna ne da wani tsari mai suna mDNS, wanda Apple ke kira Bonjour. Kwamfuta na jefa tambaya ɗaya zuwa adireshin 224.0.0.251 ta ƙofa 5353, mai abin da ake nema ya amsa, kamar mai cigiya a kasuwa. To wannan adireshin rauta, wato na'urar da ke haɗa ɓangarorin netwok, ba ta tsallakar da shi, iyakarsa ɓangaren da aka yi kiran.

Fara duba Wi-Fi, ko an kunna tsarin da ke hana na'urori magana da juna. In ba shi ba ne, sa manhajar Avahi a kwamfutar Linux mai haɗe da ɓangarorin biyu, ka kunna reflector ɗinta, wanda ke maimaita kiran daga wannan ɓangare zuwa wancan.

Don Allah kada ka sake haɗe kowa wuri guda don firinta ɗaya. Na'urori in sun yi yawa, wannan kiraye-kirayen na cinye Wi-Fi sosai. In ɓangarorin za su ƙaru, gara a rubuta firintocin a sabar DNS, wato kwamfutar da ke riƙe sunayen na'urori da adireshinsu, kuma nan kam sai injiniyan netwok, tunda zai taɓa tsaronku.