Ina da shekara 34 da 'ya'ya uku, wace makarantar jinya ta dace da ni?

Malama, kin ce kina zaune a wani ƙauye kusa da Gwaram, kuma wani asibitin kuɗi ya yi miki tayin koya miki aikin nas cikin wata shida. Ki bar wannan tayin. Za ki iya allura da ɗaura ruwa, amma takardar da za su ba ki ba ta da daraja a wurin hukumar NMCN mai ba da lasisin jinya da ungozoma, gwamnati kuma ba ta ɗaukar nas marar lasisi.

Birnin Kudu ce kusa da ke, akwai kwalejin jinya ta jihar Jigawa a can. Ki je da kanki, ki tambaya ko suna ɗaukar ɗaliban jinya ko ungozoma ta karkara a bana. Wannan karatun na shekara 2 ne, an tsara shi don wadda za ta koma yi wa mutanenta aiki, ni shi nake ganin ya fi dacewa da ke. Babban karatun nas kuwa yana son kiredit 5: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, a zaman jarrabawa ɗaya ko biyu. In sakamakonki ya gaza, sai ki sake NECO ta 'yan waje.

Abin da ya fi kayar da matan aure shi ne kwanan asibiti, ya ma fi jarrabawa. Za a sa ki aikin dare a ɗakin haihuwa, ga mai shan nono a gida. Ku zauna da maigida da inna, a san mai riƙe yaran kafin ki sayi fom.