Su wane ne Kronos, masu goge huɗu?

Tambaya: Malam, na ji wasu Turawa huɗu suna goge tare da mawaƙan Mali a rediyo, aka ce sunansu Kronos. Su wane ne? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, kunnenka ya kamo abu mai kyau. Kronos ƙungiya ce ta makaɗa huɗu: biyu na riƙe da bayolin, ɗaya biyola, ɗaya kuma celo, babbar da ake kafawa tsakanin gwiwoyi a zaune. Duka da baka ake goga su kamar gogenmu, sai dai kowacce tsirkiya huɗu gare ta.

David Harrington ne ya kafa ta a Siyatil ta Amurka a 1973, daga baya suka koma San Faransisko. Abin da ya sa nake ƙaunarsu shi ne, yayin da takwarorinsu suka fi maimaita kiɗan magabatan Turai, su kuwa masu tsara kiɗa da ke raye suke nema su ce a tsara musu sabo. An tsara musu fiye da 1,000.

A 1992 suka fitar da faifan Pieces of Africa, wanda 'yan Afirka suka tsara kiɗansa, ciki har da Obo Addy na Gana da Foday Musa Suso na Gambiya. Wanda ka ji kuwa, ina kyautata zaton aikinsu ne da Trio Da Kali, ƙungiyar mutum uku daga Mali, na 2017. Sake saurara, ka lura da yadda celo ke shiga ƙarƙashin balafon, kayan kiɗan jeren katako da ake bugawa da 'yan sanduna, a hankali, ba ya danne muryar mawaƙiyarsu, Hawa Diabate.