Shokazoban gaba na yoyon mai: ana iya gyarawa a gida?

Tambaya: Malam, babur Boxer gare ni. Shokazoban gaba na hagu yana zubar da mai har ya jiƙa ƙafar, kuma in na faɗa rami sai na ji ƙwas. Zan iya gyarawa da kaina a gida? Yaya zan ɗaga gaban ba tare da ya faɗi ba?

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa, amma kada ka ja lokaci, domin man nan in ya kai ga birki ya gama da shi.

Kafin taya ta bar ƙasa, sassauta duk abin da ke da tauri: notin tayar gaba, da murfin saman kowace ƙafar shokazoba. Sassautawa kawai, ba cirewa ba. Murfin ba ya kuncewa da daɗi sai ka fara saki kusar da ta matse bututun shokazoban a sama. Yawancin baburan da na ga sun kife a gida, wajen kokawa da noti suka kife bayan an riga an ɗaga su.

Sai ka kafa shi a kan babban sitan, a daɓen siminti, ba a yashi ba. Ɗaure buhun siminti mai kilo 50 a kujerar baya, gaban zai tashi da kansa. Duk da haka cusa gungumen katako ƙarƙashin inji, kada ya taɓa salansa. Bulo kam ban yarda da shi ba, yana rugujewa ba sallama.

Cire wayar birki da ta mita, fitar da taya, ka zare ƙafa ɗaya, ka sassauta kusar alanki da ke can ƙasanta. Danne murfin da tafin hannu yayin kuncewa, akwai sifirin a ƙarƙashi, yana iya harbo maka shi a fuska. Zubar da tsohon man, ka cire kusar alankin ka zare bututun, ka fitar da zoben ƙarfe da tsohon sil, wato robar da ke hana man fita, sannan ka wanke ciki da kananzir.

Ga inda ake asarar kuɗi: a sa sabon sil ba a duba bututun mai ƙyalli ba. Bi shi da farce. In farcen ya maƙale a tsatsa ko ƙwarzane, wurin zai yanke sabon sil ɗin cikin 'yan kwanaki. Mirgina shi a kan gilashi kuma, in ya lanƙwashe za ka gani. Robar da ke rufe shi in ta yage, canza ta, ƙurar hunturu ta nan take shiga.

Lulluɓe bakin bututun da leda kafin ka zura sil, ka buga shi da guntun fayif na roba, sannan ka mayar da zoben ƙarfen da ke riƙe shi. Zuba man shokazoba mai lamba 10W, ba baƙin man da aka juye daga inji ba, gwargwadon abin da littafin babur ɗin ya ce, ka auna da sirinji. Ƙafar dama ma a yi mata haka ranar, mai iri ɗaya, awo ɗaya. Kafin ka ɗaure notin tayar tamau, sauke babur ɗin ka danna gaban sau biyar ko shida, ƙafafun su daidaita.