Amsa ga Maman Sadiq: yaro mai ihu a wurin wankin ciwo

Maman Sadiq, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Kin ce kunu ne ya ƙona shi a cinya, shekararsa uku, kuma duk ranar wankin ciwo a sha-ka-tafi sai mutum uku sun danne shi. To dannewar nan ce ta fara ɓata lamarin. Yaron da aka kwantar rigingine aka take masa hannu da ƙafa, tsoro ke ƙara masa zafin, gobe kuma tun daga bakin ƙofa zai soma turjewa.

Ki zaunar da shi a cinyarki, bayansa jingine da ƙirjinki, ki rungume shi da hannu ɗaya, ƙafar mai ciwon ta miƙe wajen malamin asibiti.

Sai wasa. A shekarunsa babu kamar hurawa. Ki kaɗa ɗan omo a murfin kwano, ki lanƙwasa siririyar waya ta zama zobe, ya riƙa tsomawa yana hura kumfa. Hurawar ce ke sa shi jan numfashi a hankali, jiki ya saki. Fuskarsa ta kalli wani gefen, kada kumfa ta sauka kan ciwon. In babu, fankar takarda a tsinken kara ma ta isa. Balan-balan kam a bar ta, in ta fashe yana iya shaƙar guntunta.

Inda aka fi kuskure shi ne lokaci. A fara wasan minti biyu ko uku kafin a taɓa bandeji, don in kuka ya riga ya ɓarke, ko Gizo da Ƙoƙi kika kawo ba zai saurare ki ba. Mutum ɗaya ya riƙa yi masa magana, yana jefa masa tambaya: kumfa nawa suka tashi, wacce ta fi girma? Kada ki ce masa babu zafi. Ki ce zai ji kaɗan, ku hure shi tare. Masu yi masa barazana da allura in ya yi ƙiriniya kuma, don Allah su daina.

Wasa ba ya hana magani. Ki nemi a auna nauyinsa a faɗa miki adadin parasitamol, ki ba shi kamar minti 30 kafin a fara wankin ciwon. A kuma jiƙa bandejin da ruwan gishiri na asibiti har ya saki, kada a fizge shi a bushe.

In kina da goyo, a rigakafin sati 6, 10 da 14 nono ya fi kowane wasa. Ki sa shi a nono kafin allura, ya ci gaba da sha har a gama. Ban da lasa masa zuma sai ya cika shekara.

Ciwon Sadiq in ya soma wari, ko mugunya, ko zazzaɓi ya shiga, ku wuce babban asibiti a ranar.