Amsa kan sake wayar lantarki a tsohon gida da abin da take ci

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka game da gidan gado mai ɗaki huɗu da ke unguwar Birni a Damagaram, inda ka ce disjonkta, wato makunnin da ke katse wuta da kansa idan nauyi ya yi yawa, tana faɗuwa da zarar an haɗa firigo da dutsen guga, kana neman sanin ko faci ya isa ko sai an sake wayar baki ɗaya, da abin da hakan zai ci. Na yi irin wannan aiki a gidana na Sabon Gari, na kuma tsaya a kan na wani ƙanena, don haka ga abin da na gani.

Yawan ɗakuna ba shi ne ke yanke kuɗin ba. Masu aikin wuta suna lissafi da yawan wuraren ƙwan fitila, makunni da soket, sannan da nauyin kayan da gidan zai ɗauka. Tsofaffin gidajenmu an ja musu wuta ne don ƙwai da fanka da rediyo, yau kuwa waya ɗaya siririya ce ake ɗora wa firigo da injin daskarar da ruwa, wani lokaci har da kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki. Ka sa a kashe wutar gidan a kwance soket guda ka duba. Idan robar wayar ta bushe tana fashewa a hannu, ko ta yi baƙi a bakin kusa, faci asarar kuɗi ne.

Kaso mafi girma yana tafiya ne a waya, kuma a nan ake cutar mutane. Ƙa'ida ita ce waya mai kaurin 1,5 mm² ga ƙwayaye, 2,5 mm² ga soket, kilim kuwa a ja masa layinsa shi kaɗai da disjonktarsa. Wutarmu ta bolt 220 ce, amma lokacin zafi ƙarfinta yakan ragu, injin firigo da na kilim su ƙara jan wuta, siririyar waya ta yi zafi cikin bango ba wanda ya gani. Idan ma'aikata biyu suka ba ka lissafi, na ɗaya ya yi araha sosai, ka tambaye shi kaurin wayar da ya sa, domin yawanci a nan arahar ta ɓuya. Ni dai ra'ayina ka tafi Kasuwar Dole tare da mai aikin, ka biya da hannunka. Ka kankare bakin wayar da wuƙa: tagulla ta gaskiya ja ce har ciki, ta jabu kuwa za ka ga fari ya bayyana, alminiyum ne aka shafe. Ka kuma ɗaga ƙunshin ka ji nauyinsa, don ba kowane da aka rubuta wa mita 100 ne ya cika ba. Tun da yawancin kayan daga Kano suke shigowa, farashi yana bin canjin naira da halin iyaka, lissafin watan jiya ba lallai ya yi aiki yau ba.

Abu na biyu shi ne bango. Idan ginin siminti ne, za a sare shi a binne bututu, sai ka ƙara kuɗin magini, siminti da fenti, waɗanda mai wuta ba ya sa su a lissafinsa. Idan kuwa ginin ƙasa ne, kamar yawancin gidajen Birni, ban ba ka shawarar sara ba, musamman in akwai zanen ado a bangon. A bi da wayar ta sama cikin kwaroron roba, ya fi araha kuma gyara ya fi sauƙi. Kada a yarda a maƙala waya tsirara a jikin azara.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan tsallakewa don rage kuɗi: wayar ƙasa, wadda ake haɗawa da sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa don wutar da ta zille ta bi ta can, da disjonkta mai katse wuta idan ta kama mutum, wadda ake rubuta wa 30 mA. Ƙasar Damagaram dutse ce kuma busasshiya, sandar da aka kafa a tudu ba ta yin aiki sosai, saboda haka a nemi wuri mai laima, kamar kusa da magudanar wanka, a haƙa da zurfi.

Game da kuɗin aiki, a gidana kaya sun ci fiye da ladan ma'aikaci nesa ba kusa ba. Ku yi yarjejeniya a rubuce, ka raba biyan kashi-kashi, na ƙarshe sai an kunna dukkan kayan gidan a lokaci guda a gabanka an ga ba abin da ya faɗi. Kontar kuma, wato mitar wuta, ta kamfanin wutar lantarki NIGELEC ce, kada ka bar mai aikin ya taɓa ta. Idan ƙarfin da ka yi rajista da shi ya yi wa gidan kaɗan, sabuwar waya ba za ta hana babbar disjonkta faɗuwa ba, sai ka je ofishinsu ka nemi ƙari. In da hali, ka gama aikin kafin watan Maris, tun zafi bai sa masu wuta sun yi wuyar samu ba.